Yadda Na Je Abuja Ceton Kujerar Taubashina

Wahala ce. Duk wanda ya tare ni a Kwanar Gafan ko a ƙofar masallaci ya ce, "Haru, ya Abuja?" amsar ke nan, kuma bakina ya gaji da maimaita ta. Shi ya sa na zauna da ɗan abin da na tsira da shi na aji huɗun firamare na rubuta, don wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa takarda in wuce gona.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata ƙiyasin gonar tumatir. Idan mai saye ya zo yana son gona a tsaye tun ba a fara tsinka ba, ni ake kira. In shiga in duba bakin ruwa, in duba tsakiya, in duba wutsiya inda ruwa ke isa a makare, sannan in ce kwando kaza za ta yi. Shekara talatin ina wannan tsakanin Kura da Bunkure. Siyasa kuwa ban san ta ba, sai dai in na ga an fara raba atamfa in san ta kusa.

Wanda aka ce ya san ta shi ne Dakta Lawandi, wanda kuke gani a talabijin yana nuna taswira da sanda. Ɗan Gwaggo Talatu ne, ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka taubashina ne kuma bawana, ko da yake bai taɓa yarda da na biyun ba. Malamin makaranta ne da fari, sai ya zama mai yawan buga waya gidan rediyo, har suka gaji da shi suka ba shi kujera.

Abin da ya ɗaga shi sama kuwa ni ne, kuma ba da niyyar alheri ba. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce ya zo suna gida, saura kwana biyu zaɓe. Muna cin waina ya ce, "Haru, kai da kake yawo gona-gona, wa kake ganin zai ci kujerar yankin nan?" A lokacin manya biyu ne ke kokawa, sai wani na uku mai sayar da taki, wanda ko matarsa ba a tabbatar za ta zaɓe shi ba. Na gyara fuska na ce mai taki ne. So nake ya je rediyo ya faɗa, a yi masa dariya, in samu abin tsokana na shekara guda. Ya je ya faɗa. Manyan nan suka cinye juna, mai taki ya bi ta tsakiya ya wuce. Kafin wata uku aka ɗauke Lawandi zuwa wani gidan talabijin a Abuja, wai mutum ne mai ganin gobe. Ni kuma ban taɓa gaya masa wasa nake ba.

Da ya je can sai ya sayi kwamfuta, ya sa ana buga wa mutane waya ana tambayarsu wa za su zaɓa. Kun dai san mutanenmu. Baƙo ya bugo ya tambaye ka, ai sai ka faɗi wanda kake zaton shi yake so, a rabu lafiya. Zaɓe biyu a jere Dakta ya tsaya gaban duniya ya ce wane ya ci, gari ya waye wanen yana kuka. Aka laƙaba masa Dakta Akasi. Har wani ɗan takara ya aika masa da rago, yana roƙon don Allah ya ce shi ne zai faɗi.

Bana sai manajar gidan ta ce masa ta ishe ta. Za ta sa shi ya yi hasashen wanda zai ci kujerar yankinmu a daren zaɓe, tunda mahaifarsa ce. In ya dace ya ci gaba da aiki, in ya sake kuskure ya ajiye sandar ya kama gabansa.

Ranar Alhamis Gwaggo ta aiko a kira ni. Na tarar da ita gaban talabijin ɗin da ya sa mata mai aiki da hasken rana.

"Haruna, gobe za ka Abuja ka tsaya wa ɗan'uwanka. Ya ce kai ka ba shi na farko."

"Gwaggo, Asabar ranar ban ruwana ce. Kuma ina da ƙuri'a."

"Ruwa yana dawowa. Kujera in ta tafi ta tafi. Ko so kake in mutu ana ce min uwar Akasi?"

Ta miƙo min ƙullin dambun nama da wata ƙatuwar gorar roba cike da rubutu, na kwana bakwai, ta ce ya shanye kafin ya hau talabijin. Ina da abin faɗa, amma ba a faɗa wa Gwaggo irinsa. Wato za a ɗauke ni daga cikin gona, a kai ni tafiyar yini guda, don in faɗa wa mutane abin da ke cikin gonar da na baro.

Da asubar Juma'a na tsaya a bakin titi a Garun Mallam. Duk motocin duniya arewa suke yi, kowa na komawa gida zaɓe, sai da rana ta fito na samu mai zuwa kudu. Mu huɗu aka cusa a baya. Na kusa da ni wani mai sayar da yadi ne, mai bakin da ba ya hutawa. Ko Kwanar Ɗangora ba mu kai ba ya ɗauko zancen.

"Ni gobe ba sakamako zan jira ba. Dakta Akasi zan kunna. Duk wanda ya ambata, sai in shirya zuwa jaje."

Mota ta kwashe da dariya. Direba ya ce shi da zai samu Daktan ya ce masa motar nan ba za ta kai damina ba, da ya huta da bakanike. Mai yadi ya juyo gare ni.

"Malam, an ce ɗan wajenku ne. Ka san shi?"

"Ina dai jin sunan," na ce. Allah ya yafe min.

A kan iyakar jiha muka tarar da shinge. Wasu mutane ne da riguna masu ƙyalli, suna binciken kayan zaɓe. Aka sauke mu duka. Babbansu ya buɗe jakata, ya ɗaga gorar Gwaggo ya duba ta a rana.

"Wannan mene ne?"

"Rubutu ne, ranka ya daɗe."

"Tawada ce. Jajibirin zaɓe mutum yana yawo da tawada gora guda. Ƙuri'a nawa za ka dangwala?"

Na ce ai tawada ce amma ta allo, wankewa aka yi. Wani a cikinsu ɗan arewa ne, ya san abin sarai, amma ya kau da kai yana danne dariya. Babban ya ce in dai abin sha ne in sha. Na kurɓa. Ya ce kurɓa ba sha ba ce, ko mai guba yana iya kurɓa. Direba yana ta danna ham, fasinjoji suna cewa, "Malam, don Allah ka shanye mu tafi." Na kafa kai na shanye nasarar Lawandi ta kwana bakwai a tsaye a bakin titi. Ya karɓi dambun ya ɗanɗana shi ma, wai bincike, ya ɗanɗani kusan rabi.

Daga nan har Kaduna sau biyar na tsayar da mota. A na biyar direba ya ce da ya sani da akuya ya ɗauko, ita a ciki take yi ba ta ɓata wa kowa lokaci.

Bayan la'asar muka isa Zuba. Ina tsaye ina raba ido sai ga wata baƙar mota. Wani mutum ya sauke gilashi, da baƙin tabarau da takunkumi, kamar wanda ya zo sace ni.

"Shigo da sauri, baƙauye, kar a gane ni."

"Bawa, haka ake tarbar ubangida? Sauko ka ɗauki jakata."

"Ubangidan da ke warin taki? Ina saƙon Inna?"

Na buga cikina. Na ba shi labarin shinge. Na zaci zai yi dariya, sai na ga ya ja mota kawai. A nan na lura ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tun muna yara ban taɓa tsokanar Lawandi ya ƙi ramawa ba sai ranar.

Masaukin da gidan talabijin ya kama min otal ne mai hawa bakwai. Ƙofar ɗaki ba makulli, wani kati ake gogawa. Banɗaki ya fi ɗakin uwargidana kyau, amma babu buta. Na fita neman buta daga ni sai wando da singileti, ƙofa ta rufe kanta da kati a ciki. Na sauka ƙasa ta matakala don ban yarda da akwatin da ke hawa da mutane ba. Yarinyar da ke kan tebur ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata. Na kwatanta mata buta da hannu, ta ce ta gane. Aka kawo min shayi.

Abinci kuwa, shinkafa ce ɗan tsibi kamar an kife kofi, da yanka uku na ɗanyen tumatir a gefe, wai ado. Na juya yankan na duba. Ɗan wajenmu ne, tsinkar ƙarshe, irin wanda muke bar wa masu shanya. A gida in ka ba baƙo wannan sai an yi sulhu. A can har da wuƙa da cokali mai yatsu suka ba ni in ci shi. Kuma mutanen garin ba sa gaisuwa. Na yi wa wani mutum sallama a barandar otal, ya taɓa aljihunsa ya ƙara sauri.

Ranar Asabar an hana zirga-zirga, muka yini a ɗaki ni da Dakta. Mutane na can suna kaɗa ƙuri'a, ni ina kwance a kan gado mai laushi kamar dambu, katin zaɓena yana aljihu ba amfani. Ya buɗe kwamfuta yana nuna min layuka masu hawa da sauka. Ya ce gidan talabijin ya ba kowane ɗan takara launi don kar a ce sun nuna son kai. Mai ci a yanzu rawaya ne, mai son ƙwacewa shuɗi. Akwai na uku, tsohon malamin gona da ya yi kamfen a kan keke da lasifika, shi aka ba shi ruwan toka.

"Kwamfuta ta ce rawaya," in ji shi. "Amma ta faɗa min ƙarya sau biyu. Haru, yadda ka yi wancan karon, haka nake so ka sake. Me ka gani a jikin mai taki da kowa bai gani ba?"

Mutum ya sa aikinsa a hannuna, ga shi ya rame. Na ce gara in sauke.

"Lawandi, ban ga komai ba. Wasa nake maka."

"Wane irin wasa?"

"Irin namu. So nake ka je rediyo ka sha kunya."

Ya cire tabarau. "Wato shekara goma sha biyar ina cin abinci da ƙaryar taubashi?"

"Ka ci ka ƙoshi kuwa. Har ka yi tumbi kafin ya zube."

Na zaci zai jefe ni da kwamfutar. Bai yi ba. Ya ɗauko ɗan littafi ya yi rubutu, yana gyaɗa kai. Ya ce, "Da wasa ka faɗa, kuma ta tabbata. Wannan abin nazari ne." Da na san abin da yake nazari, da tun a lokacin na ƙwace biron.

Bayan magariba aka zo da motar gidan talabijin mai takardar izini aka kwashe mu. Ɗakin da suke watsa shirin ya fi randa sanyi. Bango guda duka taswirar ƙasa ce mai haske, in Dakta ya taɓa wuri da sanda sai ya kumbura. Wata mata ta zo da hoda za ta shafa min, na ce ni ba amarya ba ce. Ta ce goshina na ƙyalli. Na ce zufar halal ce. Manajar gidan ta iso, doguwar mace mai waya uku a hannu, ta ce a ƙyale ni tunda ba za a nuna ni ba.

"Baba, kai a wancan ƙaramin ɗakin za ka zauna. In ka yi magana a wannan abin, Dakta kaɗai zai ji a kunnensa. Abin da nake so shi ne mu riga kowane gida faɗin wanda ya ci."

Ta ce min Baba, alhali ban ba ta shekara biyar ba. Na ce, "Hajiya, in an riga kowa kuma aka yi kuskure fa?"

"Shi ya san sauran," ta ce, ta nuna Dakta da waya.

Tunda na zo, na ce bari in yi aikin da na iya. Gona ba a ƙiyasta ta daga kan titi. Na ɗauko wayata na kira mutum uku: Sale a bakin ruwa kusa da babbar ƙofar kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu, Ɗan'asabe a tsakiya, da Malam Audu mai rake a can wutsiya. Ban tambayi kowa wa ya zaɓa ba, don na san ƙarya za su yi min. Sale na tambaya ko an fito, ya ce jefi-jefi, mutane sun karɓi atamfa sun koma ban ruwa. Ɗan'asabe ya ce su nasu rabi da rabi ne, har an mari wani. Malam Audu kuwa da ƙyar nake jin sa don hayaniya.

"Malam Audu, layin mata ya kai ina?"

"Ya wuce masallaci ya kai rijiya. Tsohuwar da ba ta fita ko biki yau a baro aka kawo ta."

"Su wa suka sayi rakenka bayan an ƙirga?"

"Yaran mai son ƙwacewa. Sun saye har wanda na ɓoye wa gida. 'Yan ɗaya ɓangaren tun la'asar suka sulale."

Shi ke nan. Ranin bana ruwa bai isa wutsiya ba, don kanal ta cushe da laka, kuma mai ci ya yi alkawarin yashe ta tun zaɓen da ya wuce. Mutumin da tumatirinsa ya ƙone yana kallo ba ya mantuwa. Wanda ya faɗi kuma ba ya tsayawa shan rake.

Can aka fara kawo sakamako. Na cikin gari ne ke fara zuwa, inda akwai kwalta da sabis. Taswirar yankinmu ta yi rawaya shar kamar gonar kabewa. Manaja ta fara zagaye tana cewa wani gidan na shirin faɗa. Dakta yana tsaye da sanda yana ta zuba Hausa mai tsawo wadda ba ta cewa komai, yana taɓa kunnensa. Na matsa bakina kan abin maganar.

"Shuɗi ne. Wannan da kake gani saman kwando ne. Kowa manya yake jerawa a sama. Akwatunan wutsiya a kan babur za su zo, sai gobe. Ka ce shuɗi."

Mai gabatar da shirin ya ce za a je talla a dawo, daga nan Dakta zai faɗi hasashensa. Ana shiga talla Dakta ya juyo wajen gilashin ɗakina yana magana ƙasa-ƙasa, ina jin sa a abin kunne.

"Da gaske kake ko da wasa?"

"Da gaske nake."

"To ba shi nake so ba. Na wasan za ka ba ni."

"Kai, kanka ɗaya kuwa?"

"Na yi nazari. Gaskiyarka ba a taɓa gwada ta ba. Wasanka an gwada, sau ɗaya, kuma ya ci. A ilimance shi ne abin dogaro."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ture ƙofa na shiga cikin fitilun nan, na taka wata waya, na tsaya a gabansa.

"Lawandi, mutum uku na kira. Layin mata ya kai rijiya. An saye raken Malam Audu kaf. Rawayar nan saman kwando ce, shuɗi ne, wallahi shuɗi ne!"

"Ka ga, har rantsuwa kake. Wancan karon ba ka rantse ba, waina kake ci. Yi min wasa, Haru."

"Ana wasa dole ne? Boko ya cinye maka kai. Tun muna yara haka kake, a nuna maka rijiya ka ce sai ka auna zurfinta da ƙafarka."

"Baƙauye, aikina ne a kan layi. Inna tana kallo."

"Don ita na sha tawada gora guda a kan iyaka!"

Mai gabatarwa yana ta ɗaga min hannu yana zare ido. Na zaci sauro yake kora. Ashe talla ta ƙare tun ina taka waya. Daga baya aka ce min manaja ce ta hana a kashe, wai masu kallo ƙaruwa suke.

"Wasa ɗaya tak," in ji Dakta. "Don zumunci."

Raina ya gama ɓaci. Na ce, "To, mai keke ne ya ci. Shi da kekensa za a rantsar, a ba keken ofis. Ka ji daɗi?"

Wallahi sai na ga fuskarsa ta washe. Ya gyara hula, ya juya ga kyamara, ya ɗora sanda a kan ɗan ɗigon ruwan toka da sai ka matso kake ganinsa, ya ce da muryar nan tasa ta manya, "Masu kallo, bisa dogon nazari da majiya mai tushe, wannan gida na hasashen cewa ɗan takarar ruwan toka ne zai lashe wannan kujera."

Majiya mai tushe tana tsaye a gefensa da silifas, baki buɗe.

Abin da suke kira daren zaɓe ashe ba dare ɗaya ba ne. Muka kwana a kan kujeru, muka wayi gari, aka ci biredi, aka yi azahar. Akwatunan wutsiya suna ta isowa ɗaya bayan ɗaya, rawaya tana ja da baya, shuɗi yana cin taswira daga ƙasa kamar ruwa ya shiga fangali. Wajen la'asar ta Lahadi aka bayyana shuɗi, da 'yar rata kaɗan. Mai keke ƙuri'unsa ko kwanon awo ba za su cika ba.

Shi ne ma ya fara bugowa. Dakta ya sa a lasifika. Tsohon yana ta faɗa, wai tun daren jiya matasa suka cika masa gida da kalangu suna kiran sa mai girma, sun yanke masa kaji bakwai da tunkiyar matarsa, wani har ya tafi da keken wai zai kai a yi masa fenti. Ya ce shi bai taɓa yi wa Dakta komai ba, me ya sa zai ambace shi?

Manaja ta kira mu ofis. Ta karɓi sandar daga hannun Dakta ba tare da ta kalle shi ba, ta miƙo min.

"Baba, duk ƙasa zancen saman kwando ake. Kujerar taka ce in kana so. Za mu ɗinka maka kaya."

Na ce, "Hajiya, an aiko ni in tsare kujera ne, ba in hau ba. Ki bar masa. Ni zan riƙa bugo masa waya daga gona kyauta."

"Ka ba shi amsa a gaban duniya ya ƙi karɓa. Wayar me za ka bugo?"

Gaskiyarta ce. Na roƙe ta da girman tsohuwa, na roƙe ta da girman Allah. Ta ce ita ma tana da na sama da ita. Na ajiye mata sandarta a kan tebur na ce sanyin ɗakinsu ma ba zai bar ni in kai Sallah ba.

Ranar Litinin muka taho a motarsa, da akwatuna biyu da kwamfuta a baya. A shingen kan iyaka mutumin da ya sa ni shan rubutu ya leƙo, ya gane mu, ya ƙame ya sara min, ya ce, "Saman kwando!" Sannan ya roƙi Dakta ya ce ba za a taɓa yi masa ƙarin girma ba. Dakta ya ɗaga gilashi.

Da muka wuce Kwanar Ɗangora ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Haru, shekarata hamsin da uku. Ban iya komai ba sai magana. Me zan yi a garin nan?"



Gwaggo tana zaune a tsakar gida, an lulluɓe talabijin da zane. Ta kalle shi, ta kalle ni. Na durƙusa na fara bayani, ta ɗaga hannu.

"Na gani da idona. Kai ka faɗi gaskiya da rashin kunya, shi ya faɗi ƙarya da ladabi. Duk ku biyun ba ku da hankali. Haruna, kai ka fara lalata shi da wasanka, kai za ka san yadda za ka yi da shi. A ba su tuwo."

Washegari bayan sallar asuba na je na buga masa ƙofa. Ya fito da takalminsa mai ƙyalli, na goya shi a babur muka bi gefen kanal. Akwai wata gona ta Malam Ɗanjuma da na yi mako guda ina zagayawa na kasa yanke shawara a kanta, ganye ya yi kyau amma ban yarda da furen ba. Mai gonar yana tsaye yana jira.

Na ce, "Dakta, duba min wannan. Tsakani da Allah, ya ka gan ta?"

Ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya sa tabarau, ya bi kunya har ƙarshe, ya tsuguna ya murza ƙasa, ya dawo yana kaɗa kai.

"Bisa abin da na gani, gonar nan ko kuɗin taki ba za ta fitar ba. Duk wanda ya saye ta ya shiga uku."

"Ka tabbata?"

"Ba ni da shakka."

Na juya na miƙa wa Malam Ɗanjuma hannu na ce na saya. Sannan na ce wa Lawandi yana da kasonsa a ciki, ya cire takalmin nan ya naɗe wando, akwai sauran gonaki biyu a Kadawa da nake son jin ra'ayinsa kafin rana ta yi zafi.